Matsayin Wuri a Ginin Ƙagaggen Labari: Darasi Daga Ƙasar Yawuri

Gabatarwa

Duk wanda ya saba duba rubuce-rubucen da sababbin marubuta ke aikawa kamfanonin ɗab'i ko wuraren gasa, ya san wata cuta da ta zama ruwan dare a cikinsu. Za a buɗe labari da cewa a wani gari an yi wani attajiri mai 'ya kyakkyawa, a yi ta tafiya har shafi ɗari, ba tare da mai karatu ya san ko garin nan a bakin kogi yake ko a tsakiyar jigawa ba, ko kuwa mutanensa tuwon gero suke ci ko na shinkafa. Idan ma an ambaci sunan garin, to sunan ne kurum. Da za a goge Kano a rubuta Gusau ko Maraɗi, babu abin da zai girgiza a cikin labarin.

Wannan ɗabi'a gado ce daga tatsuniya, kuma a can ba aibi ba ce. Gizo ba ya bukatar gari, domin halinsa ɗaya ne ko'ina aka kai shi. Amma ƙagaggen labari irin na zube sha'aninsa dabam, watau yana neman mai karatu ya yarda cewa mutanen da ke cikinsa sun taɓa taka ƙasa, sun sha ruwan wata rijiya. Magabata a wannan fage sun gane haka tun gasar 1933 wadda Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a ƙarƙashin Rupert East. Abubakar Imam ya ɗora Ruwan Bagaja a kan Kwantagora kafin ya saki tauraronsa ya shiga duniya, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ya bi da Shaihu Umar daga Kagara zuwa Kano har ƙetaren hamada, ta hanyoyin da fataken bayi suka bi da gaske.

Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa marubucin da ya san wurinsa sosai, daga wurin nan zai sami tauraronsa da ƙullin labarinsa da irin maganar da za a yi a ciki. Domin kada bayani ya tsaya a sama, za a ɗauki ƙasa guda a yi misali da ita, watau ƙasar Yawuri da bakin Tafkin Kainji.

Ƙasar da Ruwa ya Sauya

Masarautar Yawuri tana kudancin Jihar Kebbi, ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku: Yawuri da Ngaski da Shanga. Tsohuwar daula ce, ana lissafa ta cikin Banza Bakwai. Tsohon birninta shi ne Birnin Yawuri, amma tun ƙarshen ƙarni na 19 fadar Sarki tana Yelwa, a bakin Kogin Kwara. Al'ummarta gauraye ce. Akwai Gungawa, mutanen tsibirai, waɗanda sunansu ya samo asali daga kalmar gungu, su kuwa suna kiran kansu Bareshe. Akwai Kambari da Dukawa da Lopawa, akwai Shangawa waɗanda harshensu ɗan'uwan harshen Busa ne, akwai Sarkawa masunta, ga kuma Hausawa da Fulani.

A 1964, a zamanin da mawallafin Shaihu Umar yake Firayim Ministan Nijeriya, aka fara gina madatsar ruwa a Kainji domin samar da wutar lantarki. Aikin ya kammala a 1968, ruwa ya taru a bayan madatsar ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 130 da faɗin ƙasa fiye da murabba'in kilomita 1,200, bakinsa na arewa yana wajen Yelwa. Tsohon garin Busa ya nutse, aka gina Sabuwar Busa. Mafi yawan babban tsibirin Foge ya shige ƙarƙashin ruwa, haka ma tsibiran Gungawa da dama. Mutane kimanin 44,000 aka tayar daga mazauninsu aka kai su sababbin matsugunai, inda gwamnati ta gina musu gidaje na bulo da siminti maimakon nasu na ƙasa. Gungawa, waɗanda suka shahara da noman albasa na rani a kan ƙasar da kogi ke shimfiɗawa kowace shekara, suka wayi gari a kan tudu.

Wannan shi ne tarihin a taƙaice, kuma ana iya samunsa a rahotannin gwamnati da littattafan masana. Aikin marubucin ƙagaggen labari yana farawa ne daga inda rahoton ya tsaya.

Babban Al'amari ta Idon Mutum Ɗaya

Kuskure na farko da sabon marubuci kan yi idan ya sami babban al'amari irin wannan shi ne ya nemi ya ba da labarinsa gaba ɗaya. Sai ya fara daga taron ministoci a Ikko, ya gangaro kan injiniyoyi, ya bi ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya. Abin da zai fito a ƙarshe rahoto ne na biyu, wanda bai kai na farko inganci ba. Zuciyar ɗan Adam ba ta iya tausaya wa mutum 44,000 a lokaci guda. Tana iya tausaya wa mutum ɗaya, daga nan ta kintaci sauran.

Shaihu Umar kansa shaida ne. Jigonsa cinikin bayi ne, al'amarin da ya ci dubban rayuka, amma abin da mai karatu ke riƙewa shi ne yaro guda da aka sace, da uwa guda da ta bi sawunsa har ta faɗa bauta ita ma. A wasu ƙasashen ma da aka yi irin aikin Kainji, haka marubutansu suka yi. Muhammad Khalil Ƙasim, mutumin Nuba ta ƙasar Masar, ya fitar da littafinsa Al-Shamandura a 1968, a kan ƙarin tsawon da aka yi wa madatsar Aswan a 1933, ya kuma tsaya a ƙauye guda, yana kallon abin ta idon yaro. Valentin Rasputin na Rasha ya wallafa labarinsa na bankwana da tsibirin Matyora a 1976, inda wata tsohuwa ta tsaya ta yi wa ɗakinta farar ƙasa ta ƙawata shi, alhali ta san gobe za a cinna masa wuta kafin ruwa ya iso.

Saboda haka tambayar da marubuci zai fara yi wa kansa ita ce: wane ne wannan al'amari ya fi tsananta wa, kuma me yake so wanda al'amarin zai hana shi? A ɗauka, alal misali, akwai wani dattijo Bagunge, manomin albasa, wanda kabarin mahaifinsa ke kan tsibirin. Abin da yake so ƙarami ne, watau ya ga ya cire albasar bana a gonar da ya gada. To, wannan ya isa tauraro, amma bai isa labari ba tukuna, domin mutum ba ya jayayya da ruwa. Sai an sami wani mutum da zai tsaya a gabansa. A ce ɗansa na fari, wanda ya yi makaranta a Yelwa, shi ne aka ɗauka malamin da ke bi gida gida yana rubuta ɗakuna da rumbuna domin a san abin da za a gina wa kowa a sabon gari. Yanzu madatsar Kainji ta shigo cikin gida ɗaya, ta zauna a bakin akushi ɗaya. Uban yana da gaskiyarsa, ɗan ma yana da tasa, kuma dole ɗayansu ya zaɓi abin da zai rasa. A lura cewa ba a ɗauko wannan rikici daga wani littafi ko fim ba. Ƙasar ce ta bayar da shi.

Akwai kuma batun wanda ke kallo. A 1806 Mungo Park ya wuce ta Yawuri a jirginsa, ya je ya halaka a tsakanin duwatsun kogi a Busa, wurin da yau yake ƙarƙashin tafkin. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka sauka Yawuri suna neman takardunsa, suka rubuta abin da suka gani. Duniya ta san wannan labari ta bakin baƙin da suka zo. Marubucin da ya tsaya a kan gaɓa, a cikin taron da ke kallon wani baƙon jirgi yana gangarowa, ya sami sabon labari ba tare da ya canza ko ɗaya daga abubuwan da suka faru ba. Zaɓen idon da za a kalli labari da shi rabin aikin ne, kuma idan an zaɓa sai a tsaya a kansa. Idan ta idon dattijon ake tafiya, ba daidai ba ne a tsakiyar babi a tsallaka cikin zuciyar injiniya.

Sanin Wuri

Ba a sanin wuri daga taswira. Marubuci yana bukatar karatu, yana kuma bukatar tattaki. Wajen karatu, ƙasar Yawuri ta yi sa'a. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya shugabanci Jami'ar Sakkwato, ya yi bincike a kan tarihin Yawuri na ƙarni na 19 kafin ya wallafa babban littafinsa na 1978 a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma. Wani masani ɗan Amurka, Frank Salamone, ya zauna a yankin a farkon shekarun 1970 ya yi rubutu a kan yadda Gungawa ke rikiɗewa suna zama Hausawa. Irin waɗannan ayyuka suna tsare marubuci daga kurakuran da za su zubar masa da mutunci. Sai dai ba za su gaya masa yadda warin banda yake a bakin kasuwar kifi ba, ko yadda tafin hannun mai tuƙa kwalekwale yake. Wannan sai an je.

Abu na farko da ya kamata ya koya shi ne kalandar wurin, domin kowace ƙasa da abin da take ƙirga lokaci da shi. A ƙasar Kano damina da kaka da rani sun wadatar. A bakin Kwara kuwa kogi kan cika sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, wanda ke zuwa da damina daga ruwan saman da aka yi a nan kusa, gurɓatacce saboda laka. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali yana zubar da lakarsa, sa'an nan ya iso garau a tsakiyar hunturu, lokacin da ko ɗigo ba ya sauka daga sama. Tun da aka yi madatsar kuma, tafkin kan ja baya da rani yayin da ake sakin ruwa, ya bar fili mai danshi wanda manoma ke bi da shuka, makiyaya kuma da dabbobinsu. Marubucin da ya san wannan ba ya bukatar ya rubuta "bayan wata huɗu". Ya isa ya ce ruwa ya yi baƙi, ɗan ƙasar zai san an shiga sanyi, baƙo kuma zai koyi wani abu.

Abu na biyu shi ne sunayen abubuwa. Masunci ba ya kama "kifi". Yana kama giwan ruwa ko tarwaɗa ko ƙurungu ko karfasa ko faliya, ko kuwa warangi, ƙananan nan da ake shanyawa a rana, kuma kowanne da darajarsa a kasuwa. Ba ya fita da "kayan kamun kifi". Yana jefa birgi, ko ya ja taru, ko ya kafa mamari. Ya san inda dorina ke kiwo, ya san inda kututturan itatuwan da ruwa ya cinye suke laɓe suna jiran cikin jirgi. Kalma guda da aka sa a muhallinta ta fi shafi guda na siffantawa saurin sa mai karatu ya amince.

Amma fa a nan akwai tarko. Wanda ya sha wahalar bincike yakan so ya juye duk abin da ya tara a cikin labarin, sai babi ya koma darasin labarin ƙasa. Ƙa'idar ita ce, kada a saka wani bayani sai in tauraro yana da dalilin lura da shi a wannan lokacin. Dattijon da ya shekara sittin a tsibiri ba zai tsaya yana bayyana wa kansa mene ne baƙin ruwa ba. Zai lura da shi ne kurum a shekarar da ya zo ya tarar da tafki, bai sami gaɓar da ya saba tsayawa ba. Marubuci ya san kashi goma, ya rubuta ɗaya. Sauran tara ɗin ba su ɓata ba, su ne ke ba ɗayan nauyi.

Nunawa Maimakon Faɗa

A gwada waɗannan hanyoyi biyu na rubuta ranar tashi. Ta farko:

"Tsohon ya yi baƙin ciki matuƙa saboda rabuwa da garinsu na gado, hankalinsa ya tashi ƙwarai da gaske, har ya rasa abin da ke masa daɗi."

Ta biyu:

"Da aka gama loda kaya a jirgi, tsohon ya ce ya yi mantuwa. Ya koma gida, ya ja ƙyauren zaure ya rufe, ya ɗaure shi da igiya kamar yadda ya saba in zai yi tafiyar kwana biyu. Da ya dawo babu wanda ya tambaye shi abin da ya manta."

A ta farko an gaya wa mai karatu abin da zai ji, an kuma nanata masa har sau uku, alamar marubucin bai amince maganar ta shiga ba. A ta biyu ba a ambaci baƙin ciki ba ko sau ɗaya. An ba mai karatu aikin da mutum ya yi da hannunsa, aka bar shi ya gano ma'anar da kansa, abin da mutum ya gano da kansa kuwa shi ya fi zama a ransa. Wannan ba ya nufin an hana faɗa sam. Tafiyar da babu kome cikinta, ko shekarun da suka wuce ba wani sauyi, a faɗe su a jimla ɗaya a wuce. Inda zuciyar labarin take, a nan ne ake rage gudu a nuna.

Harshe da Zance

Zancen cikin labari ba kwafin hirar yau da kullum ba ne. Idan aka rubuta gaisuwar Bahaushe cikakkiya duk lokacin da mutum biyu suka haɗu, rabin littafin zai ƙare a tambayar gida da gajiya. Ana taƙaita gaisuwa, sai fa inda take ɗauke da wani abu, kamar a ce ɗa ya gai da ubansa uban ya amsa a gajarce. Haka kuma mutanen ƙasar nan ba su cika faɗar abin da ke ransu kai tsaye ba, musamman tsakanin ɗa da mahaifi, balle ɗan fari. Kunya da kawaici suna sa magana ta bi ta gefe:

"Baba, an ce jibi jirgin zai zo."

"Irin albasar nan, ka shanya shi?"

"Jibi fa aka ce, Baba."

"Na ji. Ka shanya shi, kada ya yi fumfuna."

Uban bai ce zai tafi ba, bai ce ba zai tafi ba, amma mai karatu ya ji nauyin abin da ba a faɗa ba, har yana iya tambayar kansa inda tsohon ke nufin shuka irin.

Ƙasar Yawuri tana da wata matsala ta musamman, watau yawan harsuna. A hakika dattijon nan da harshen Tsureshe zai yi wa ɗansa magana, marubuci kuwa da Hausa yake rubutu. Wasu marubutan sukan warware wannan ta hanyar sa wa wanda ba Bahaushe ba gurɓatacciyar Hausa domin a yi dariya. Wannan zalunci ne, kuma rauni ne a sana'a. Mutumin da ke magana da harshen uwarsa ba gwaranci yake yi ba, saboda haka a ba shi tsabtatacciyar Hausa mai nauyi daidai da matsayinsa. Sai a lokacin da ya tsaya gaban ma'aikaci, dole ta sa shi yin Hausa, a nan ne za a iya nuna yadda kalmomi ke ƙwace masa, mai karatu kuma zai ji zafin abin domin ya riga ya san shi da fasaha a cikin gidansa. Har ila yau, tun da Gungawa da Shangawa da yawa sun koma Hausa a 'yan shekarun nan, jikan da ba ya jin harshen kakansa shi ma labari ne mai zaman kansa.

Inda Ake Farawa da Inda Ake Tsayawa

Yawancin sababbin marubuta sukan fara labari da wuri fiye da kima: haihuwar tauraro, da asalin iyayensa, da yadda aka yi aurensu. Mai karatu na yau, wanda wayarsa ke hannunsa, ba zai jira ba. A fara daga ranar da zaman lafiyar tauraro ya fara tsagewa, kamar safiyar da aka ga baƙi sun sauka daga jirgi da sandunan awo suna kafa alama a gindin tsamiya. Abin da ya wuce kafin nan a riƙa sako shi kaɗan kaɗan a inda ake bukatarsa. Wannan ya fi zama tilas a gajeren labari, irin wanda ake shiga gasa da shi, kamar gasar Hikayata ta mata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, inda kalmomi ƙidayayyu ne.

Kowane babi kuma ya zo da wani sauyi. Idan aka kai ƙarshensa alhali taurari suna nan yadda suke a farkonsa, ba su san wani sabon abu ba, ba su rasa kome ba, to babin nan kaya ne kawai, a sauke shi.

Game da ƙarshe, al'adar tatsuniya da ta wa'azi takan ja marubuci ya rufe da nasiha, ya jera darussan da ke cikin labarin. Idan labarin ya yi aikinsa nasihar maimaici ce, idan kuwa bai yi ba nasihar ba za ta cece shi ba. Kowa ya san ruwan zai zo, saboda haka abin da mai karatu ke jira shi ne ya ga me ya rage tsakanin uban da ɗan bayan ya zo. Da zarar an amsa wannan, a ajiye alƙalami.

Amanar Marubuci

Ƙagaggen labari ƙage ne, amma yana da iyaka. Marubuci yana da ikon ƙirƙiro dattijo da ɗansa da ƙauyen da babu shi a taswira. Ba shi da ikon mayar da cikar tafkin zuwa 1975, ko ya ɗauke Wara daga Ngaski ya kai ta Shanga. Kuskure ɗaya irin wannan ya isa ɗan ƙasar ya rufe littafin, kuma da gaskiyarsa.

Amanar tana ƙara nauyi idan abin ya shafi raunin da bai warke ba. A watan Mayu na 2021 wani jirgin ruwa maƙare da fasinja ya nutse kusa da Wara, mutane masu ɗimbin yawa suka halaka. A watan Yuni na wannan shekarar 'yan bindiga suka sace ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. Babu laifi adabi ya taɓa irin waɗannan al'amura, hasali ma aikinsa ne. Amma iyalan suna raye. Kada a ɗauki sunan mutum na gaske ko sirrin gidansa a sa a littafi ba da yardarsa ba, kada kuma a mai da masifar mutane kayan ado. Wanda ya zauna da tsofaffi suka ba shi labarinsu, ya gaya musu abin da zai yi da shi tun kafin su buɗe baki.

Adalci kuma ya haɗa da ma'aikacin hukuma. Abu ne mai sauƙi a zana shi mugu marar tausayi, amma labarin da aka raba mutanensa gida biyu, na kirki da miyagu, ba ya daɗewa. Madatsar ta ba ƙasa lantarki, tafkin ya jawo masunta daga nesa ya buɗe sababbin kasuwanni, kuma waɗanda suka yi aikin sun yi imani alheri suke shukawa. Ma'aikatan gwamnati da ke sha'awar rubutu suna da wata dama a nan wadda wasu ba su da ita, domin sun san yadda ake ji idan mutum ya sa hannu a takardar da ya san za ta taɓa rayuwar waɗanda bai taɓa gani ba.

Kammalawa

Idan an gama rubutu, a ajiye shi na 'yan makonni, sa'an nan a ɗauko a karanta da babbar murya, domin kunne yana kama tuntuɓen da ido ke tsallakewa. A ba wani ɗan yankin ya duba gaskiyar wurin, a ba wani baƙo ya duba ko ya fahimta. Daga nan a yi masa gwajin da aka ambata tun farko: a goge sunan Yawuri a rubuta sunan wani gari. Idan labarin ya tsaya daram, to ba a gina shi a kan ƙasar ba, sai a koma. Idan kuwa ya rushe, domin babu tsibiri a can, babu baƙin ruwa, babu dalilin da zai sa uba da ɗa su saɓa, to aiki ya yi.

Abin da aka faɗa game da Yawuri ya hau kan kowace ƙasa. Mutumin Bakolori da na Tiga suna da nasu labarin madatsa, ɗan Kurmi da ɗan Zangon Kumasi kowa da abin da wurinsa ya tanadar masa. Sai dai na bakin Kainji yana da gaggawa. Yaron da yake ɗan shekara 15 lokacin da ruwa ya hau a 1968, yau ya haura 70. Su ne na ƙarshe da za su iya nuna wani wuri a tsakiyar tafki su ce nan kasuwa take, nan ne maƙabarta. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ɗalibin da ya fito daga wannan yanki, idan ya je hutu, ya nemi kakarsa ya zauna, ya riƙe littafi da alƙalami, ya fara da tambayarta abin da ta ɗauka da hannunta a ranar da aka tashi.